Shuɗin Bunsuru Mai Ƙahon Ƙarfe

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa bai yi shawara da kowa ba, ya rataye sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya kuma ɓoye ranar da zai naɗe su duka biyu. Ku matso ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ni ne Cindo marini, ɗan marini, jikan marini, mutumin Kwarin Marke. Na yi tafiyar shekara shida neman amsar tambaya guda, na dawo da tambayoyi cikin kwando. In kun ji labarin nan kun gane, ku taimaka ku ganar da ni, don ni da aka yi abin a gabana har yau kaina bai warware ba.

Kwarin Marke gari ne a bakin kogi, mu marina kuwa muna can gangare kusa da ramukan rininmu. Matata ta rasu ta bar mini 'ya ɗaya, Lanti, mai shekara tara, mai taurin kai irin na ubanta. Tana da wani ɗan bunsuru fari da ta raina tun yana shan nono. Wata rana na juya baya, ta ɗauke shi ta tsoma a ramin rini, ya fito shuɗi har kunne. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ita kuwa sai dariya take yi, wai yanzu ko cikin awaki dubu ba zai ɓace mata ba. Daga ran nan sunansa ya zama Ɗan Shuni.

A daminar shekarar ne kogi ya auka mana da rana tsaka, ba hadari a kanmu, ba ko yayyafi. Ruwan wata ƙasa ne ya gangaro. Muka ruga tudu ina riƙe da hannun Lanti, sai ta fizge ta koma gida a guje. Kwana uku muna nema, ba mu same ta ba. Bunsurun muka samu a kan rufin wani soro yana rawar sanyi, da guntuwar igiya a wuyansa. Na kwance ta na jefa a burgamina, ban ko dube ta ba.

Baƙin ciki ya yi mini yawa har na rasa inda zan sa kaina. Abu guda ya tsaya mini a rai: ashe haka ruwa yake zuwa ba sallama? Babu wata alama da mutum zai gani ya kwashe nasa tun da wuri? Na tambayi malaman garinmu, suka ce in yi haƙuri. Na ce haƙuri na ji, alama nake tambaya. Sai wani tsohon falke ya ce mini can arewa maso gabas, bayan hamada da teku da wata hamadar, akwai masu dawaki da suka gaji sanin ruwan da zai tashi duniya daga kakanninsu, sun san alamarsa yadda na san shuni. Ban sake neman shawarar kowa ba. Na cika burgami da shuni, na sa wa Ɗan Shuni sabuwar igiya, muka kama hanya.

Duk wata uku, in gashinsa ya fara komawa fari, sai in jiƙa shuni in sake rina shi. Kada ku tambaye ni dalili, ganinsa fari ne ba na iya yi. Abin kuwa ya yi mini rana, don ba ɓarawon da zai saci shuɗin bunsuru, kuma ba mayunwacin da zai yarda ya ci namansa.

Ba zan gajiyar da ku da hamada da teku ba, ko garin da mutanensa ke gina ɗakuna a bayan raƙuma, ko kogin da ke daskarewa har ayari ya bi ta kansa. A shekara ta huɗu na shiga ƙasar ciyawa, wadda ba itace ba gona, sai ciyawa har inda ido ya gaji. Mutanenta nonon goɗiya suke sha, a bukkokin gashin tumaki suke kwana, in kiwo ya ƙare su naɗe gidajensu su aza wa doki. Na yi shekara biyu a cikinsu har harshensu ya zauna a bakina. Duk wanda na tambaya alamar ruwa sai ya nuna mini gaba.

Gaban kuwa ya kai ni wurin wata ƙabila ta maƙera a gindin wani baƙin dutse. A can na fara ruɗewa. Kullum da hantsi babban maƙerinsu, Borsuk, yakan fito da allura ɗaya da likkafar sirdi ɗaya ya ɗaga wa rana, jama'a su yi tsit, sai ya ce lafiya lau, sannan kowa ya kama harkarsa. A wurinsu, ran da kafar allura ta yage, gindin likkafa kuma ya huje, ran nan wuta za ta cinye duniya. Saboda haka ba sa ɗinki don kada allura ta gaji, da tsirkiya suke ɗaure tufafinsu, doki kuma haka suke hawansa ƙafafu na lilo. Maƙera ke nan, masu ƙera allura da likkafa su sayar wa wasu.

Na tambayi Borsuk labarin ruwa, ya yi tsaki. "Ruwa? Wannan shirmen mutanen Kwarin Tumanli ne, suna bayan dutsen nan. Duniya da wuta za ta tashi, kowane yaro ya sani."

A kwanakin ne Ɗan Shuni ya kara da wani rago, ƙahonsa ɗaya ya tsage. Na kai shi maƙera ko za a ɗaure masa. Borsuk ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira 'yan'uwansa, suka kewaye bunsurun suna dariya har da riƙe ciki. Ya ƙera masa kube na ƙarfe ya sa wa ƙahonin duka biyu, ya ƙi karɓar ko godiya. Ya raka ni har bakin hanya, ya ce, "Je ka, baƙo. Za su karɓe ka yadda ba su taɓa karɓar kowa ba." Na tafi ina sa masa albarka, ni sakarai.

Kwarin Tumanli dogon kwari ne, kogi fari kamar nono ya ratsa tsakiyarsa, can samansa duwatsu ne da ƙanƙara ta lulluɓe. Bukkoki sun kai ɗari uku, dawaki kuwa ba sa ƙirguwa. A tsakiyar kwarin, bisa wani ɗan tudu, ga jirgin ruwa girman unguwa guda a zaune kan busasshiyar ƙasa, igiyoyi takwas sun sauko daga jikinsa, kowace an naɗe ta tuli an ɗaure a turken ƙarfe. Ina tsaye ina mamakin jirgi ba ruwa, sai Ɗan Shuni ya fizge igiya daga hannuna. Ya zura a guje ya zagaya zangon nan kaf yana kuka, wani irin kuka mai tsawo da ke shiga har ƙashi.

Wata mace tana tatsar goɗiya, akushin ya suɓuce mata. Yara suka daina wasa. Maza suka sauko daga dawaki suka durƙusa. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya gudu. Can sai na ga kowa ya miƙe ya fara kwance bukkarsa.

Aka kai ni gaban sarkinsu, Kutluk, wani ƙaton mutum mai siririn gemu. Aka shimfiɗa mini farin bargo, aka ajiye mini kan rago. A gefensa ga bokansu, Karsak, rungume da wata faffaɗar ganga. Na ce a raina, lalle Borsuk mutumin kirki ne. Da na ƙoshi na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, daga ƙasa mai nisa na zo da tambaya guda. Mece ce alamar ruwan da zai ci duniya?"

Kutluk ya dube ni, ya dubi Karsak, sai hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Baƙo, kada ka yi mana ba'a a rana irin ta yau."

Na rasa abin da na faɗa na ɓatanci. Aka sauke ni a bukkar wata tsohuwa mai suna Tolunai, wadda ita kaɗai ba ta kwance tata ba. Tana zaune tana dama ƙaro a wata babbar tukunya. Na ce, "Inna, don girman Allah ki gaya mini abin da ke faruwa a garin nan."

Ta ce, "Kai da ka jawo shi da hannunka kake tambaya? Kakanninmu sun ce duniya ta taɓa nutsewa sau ɗaya, za ta kuma sake. Kafin na farkon, shuɗin bunsuru mai ƙahon ƙarfe ya zagaya duniya kwana bakwai yana kuka. Mutum ɗaya ya saurara, ya sassaƙa jirgi, mu ne jikokinsa. An bar mana wasiyya, in bunsurun ya dawo mu ƙirga bakwai mu shiga."

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "Inna, ai wannan bunsurun 'yata ne. Ni nake rina shi. Dubi hannuwana."

Ta dubi hannuwana, ta ci gaba da damunta. Ta ce ƙofar jirgin daga waje ake rufe ta a liƙe da ƙaro. Igiyoyin nan takwas, kowace gaba tamanin ce. In ruwa ya ɗaga jirgi suka miƙe, sannan suka saki, to ruwa ya janye, sai a fasa ƙofa a fito. Na ce in ba su miƙe ba fa? Ta ce ba a fasawa, ko shekara za a yi, don wanda ya fasa kafin lokaci shi ya kashe kowa. Na tambayi guzuri, ta ce na kwana arba'in ne.

"To wa zai rufe daga waje?"

"Gidanmu ne ke rufewa. Kakata ta jira ba ta samu ba, uwata ma haka. Shekara sittin ba a bari na tatsi goɗiya ko na ɗebo ruwa ba, ciyar da ni ake yi saboda aikin rana ɗaya. In na liƙe, sai in toshe kunnuwana in yi nisa, don kada in ji bugu in ji tausayi."

Nan na gane girman abin. Mutum fiye da dubu, da jarirai da tsofaffi, za a liƙe a akwati bisa busasshiyar ƙasa har yunwa ta gama da su, saboda bunsurun Lanti da wasan wani maƙeri. Kwana shida ya rage mini in hana.

Kashegari na nemi a tara jama'a. Na jiƙa shuni a akushi, na kama wani farin ɗan tunkiya na rina shi a gabansu, na ɗaga shi kowa ya gani. Na ce, "Ga yadda ake yi. Ko doki kuke so in mayar muku shuɗi, kafin la'asar na gama."

Karsak ya gyaɗa kai kamar na ba shi kyauta. Ya ce, "Kakanni sun ce shuɗi ne, ba su ce haka aka haife shi ba. A da muna mamakin yadda za a yi bunsuru ya zama shuɗi. Ashe an tanadi hannun da zai yi."

Na ce to ƙahon fa, ai Borsuk ne ya ƙera shi makon jiya, yana yi yana dariya. Kutluk ya dafe ƙirji. "Maƙeran da ba su yarda da ruwa ba, su ne suka ƙera ƙahon da hannunsu? Wace shaida ce ta fi wannan?"

Haka muka yi ta yi. Duk hujjar da na kawo don in warware, sai su karɓa su ƙara tufka da ita. Na ce shekara shida muna tafe, ba kwana bakwai ba, suka ce ai duniya ta ƙara faɗi tun zamanin kakanni. Na rantse, suka ce manzo ba ya sanin abin da ke cikin wasiƙa. Har na fara duban Ɗan Shuni ta wutsiyar ido.

A rana ta uku ƙasa ta girgiza, tukwane suka kife. Kafin azahar kogin nan fari ya janye, ya koma 'yar ƙorama, kifaye na tsalle a taɓo. Na ce, "Kun gani, ruwan ma raguwa yake yi." Karsak ya ce, "Mai shirin ihu ai sai ya ja numfashi." Ɗan Shuni kuwa ya ƙi ci ya ƙi sha, sai kuka, sai jan igiya wajen dutse har wuyansa ya saɓule. Haushi ya kama ni, na ɗaga sanda zan kai masa, sai hannuna ya tsaya a sama. Na ji kamar na taɓa tsayawa haka, da sanda haka, a wani wuri. Na ajiye sandar ban bi tunanin ba.

A rana ta biyar na yi abin da aka hana. Kowace shekara suna shafe jirgin nan da kitse har yana ƙyalli, amma samansa kawai, don a al'adarsu leƙa ƙarƙashinsa rashin yarda ne da kakanni. Ni kuwa marini ne. Rayuwata duka a kan ramin da ke riƙe ruwa na yi ta, ido rufe na san abin da zai yi yoyo. Da rana tsaka, kowa na ɗaurin kaya, na rarrafa ƙarƙashi. Na danna katako da yatsa, yatsan ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Na hau na juye salkar ruwa a cikinsa, na sauko a guje, na tarar ruwan ya riga ni isa ƙasa.

Na je wa Kutluk da wannan. Ya saurara har na gama, ya ce, "Shekaranjiya ka ce ruwa ba zai zo ba. Yau ka ce in ya zo jirgi ba zai ɗauke mu ba. Wanne za mu ji?"

Na ce, "Duka biyun, ranka ya daɗe."

"To zai zo ko ba zai zo ba?"

Na buɗe baki in ce ba zai zo ba, sai na tuna kogin da ya janye. Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Karsak ya yanke hukunci nan take. Tunda na leƙa inda ba a leƙawa, za a shigar da ni jirgi a ɗaure. Bunsurun kuma za a yanka shi a bakin ƙofa, a gauraya jininsa da ƙaro, don kukansa ya ƙare inda aikinsa ya ƙare. Ran nan na ji tsoro, na kuma ji baƙin cikin da ban ji irinsa ba tun Kwarin Marke, don shi kaɗai ya rage mini na Lanti.

Na koma wurin Tolunai da ɗan guntun katako da na ɓalɓalo, na sa mata a tafin hannu. Ta murza shi ya zama gari. Ta ce, "Shekara sittin suna ciyar da ni, ɗana. In na ƙi rufewa, na ci amanarsu. In na rufe, me na yi?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce, "Kai dai tun da ka zo ba abin da ka sani." Ta ci gaba da dama ƙaronta.

Rana ta bakwai ta fito fes, ba ko ɗigon gajimare. Aka fara shiga tun da hantsi, tsofaffi, mata da goyo, sannan maza. Dawaki kaɗan jirgin zai ɗauka, sauran dubbai aka bar su tsaye a gindin tudu. Na ga ƙatti suna rungumar wuyan dawakinsu suna kuka kamar yara. Aka kawo ni bakin ƙofa hannu a ɗaure, aka jawo Ɗan Shuni, Karsak ya zaro wuƙa.

Tolunai ta miƙa hannu. "Abin da za a zuba a tukunyata, ni ke yankawa. Haka uwata ta gaya mini."

Ko uwarta ta faɗa ko ba ta faɗa ba, ba mai iya musu, don ba wanda ya taɓa ganin an yi. Karsak ya ba ta wuƙar. Ta kama igiyar kusa da wuyan bunsurun, ta dube ni sau ɗaya, ta yanke igiyar.

Ɗan Shuni ya ratsa tsakiyar dawakin nan yana kuka, ya nufi dutse. Wani babban ingarma ya yi haniniya ya bi shi, sai garken duka ya motsa, ƙasa na rawa. Tolunai ta sa ƙafa ta ture tukunyar ƙaro ta kife, ta zauna a ƙasa ta ce, "Ban rufewa."

Abin da ya biyo baya ba tsari a cikinsa. Mutumin ƙasar ciyawa zai iya barin dokinsa a tsaye, amma ba zai iya kallonsa yana tafiya ba. Maza suka yi ta dirowa daga jirgi kowa na kiran nasa, mata suka biyo mazansu suna cewa su dawo, yara suka biyo iyayensu mata, tsofaffi suka ce ba za a bar su su kaɗai a akwati ba. Kutluk ya tsaya yana tsawa a koma, sai ya hango hurden dokinsa a cikin garke, ya tattare riga shi ma ya bi. Karsak ya ɗauki wuƙarsa ya rufa wa bunsurun baya yana tsine masa. Tolunai ta kwance ni, na goya ta, muka hau dutsen a ƙarshe, tana ce mini ban iya goyo ba.

Kafin azahar duk muna kan wani faffaɗan dutse, inda Ɗan Shuni ya tsaya ya yi shiru. Gardama ta kaure. Wasu na cewa a koma jirgi tun da sauran rana, wasu na cewa a koma a kafa bukkoki an yi abin kunya, wasu na cewa a fara jefa baƙon nan ƙasa tukuna, kuma a wannan ne kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Har an kama ni, sai muka ji wata ƙara daga wajen ƙanƙara.

Ruwa ne, baƙi, tsayinsa ya fi rimi, ɗauke da duwatsu da ƙanƙara. Girgizar nan ce ashe ta toshe kogi a sama, ya taru kwana huɗu ya ɓalle. Ya shafe wurin bukkoki kafin mutum ya ce wayyo. Ya isa tudun jirgi, ya kewaye shi, ya hau. Jirgin ya motsa, ya ɗaga, igiyoyi takwas suka fara warwarewa daidai yadda kakanni suka faɗa. Jama'a suka sa kuka, ga jirginsu ya tashi ba su a ciki. Wani ya kai mini naushi a ƙeya, wata ta tofa wa Tolunai yawu. Ni kaina na ce shi ke nan, na hallaka mutane.

Igiyoyin ba su kai ga miƙewa ba jirgin ya karkata. Cikinsa ya buɗe kamar tsohuwar ƙwarya, ya nutse, sai rufinsa muka ga yana juyi a kan ruwa. Wanda ya naushe ni ya sauke hannunsa a hankali.

Kwana tara muka yi a kan dutsen nan muna shan nonon goɗiya, ruwa bai iso mu ba, sannan ya fara janyewa. Karsak ne ya fara tayar da zancen, ya ce, "Ban gaya muku bunsurun ne ba?" Na ce ni ma ai na gaya muku jirgin ruɓaɓɓe ne. Kutluk ya ce duk mu yi masa shiru. Sai wata sabuwar gardama ta tashi, wai duniya ta tashi ko ba ta tashi ba. Aka aiki mahaya bayan dutse, suka dawo suka ce maƙera na nan, allurarsu lafiya lau. Wasu suka ce to ba ta tashi ba ke nan. Wasu suka ce ta tashi mana, ina bukkarka, ina kaburburan iyayenka, wannan sabuwa ce muke ciki. Aka juyo gare ni, tunda ni na zo da abin, na ba su amsar da na saba ba su, wato ban sani ba.

A rana ta goma ina zaune a hantsi kusa da Tolunai, tana koyon tatsar goɗiya a tsufanta, rabin nonon na zuba a ƙasa. Ɗan Shuni na gefe yana cin ciyawa kamar ba shi ya tayar da ƙasa guda ba. Na ɗauko sabuwar igiya zan sa masa. Na ce, "Inna, shekara shida ina neman alama. Yanzu ki gaya mini tsakani da Allah, bunsurun kakanninku ne, ko dabba ce kawai da ta ji ƙanshin ruwa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ce ruwa ya taɓa cin garinku. Kafin ya zo, me bunsurun nan ya yi?"

Na buɗe baki in ce ba komai, sai abin da na ƙi bi ran da na ɗaga sanda ya zo mini gaba ɗaya. Mako guda kafin ruwan, Ɗan Shuni ya ƙi ci. Ya yi ta zagaya gida yana kuka, yana tunkuyin ƙofar da ke duban tudu, har maƙwabta suka kawo ƙara. Lanti ta ce, "Baba, wani abu yake son gaya mana." Na ce bunsuru ba shi da abin gaya wa mutum. Na zane shi da sanda, na ɗaure shi a turke da ƙullin marina, irin wanda hannun yaro ba ya iya kwancewa.

Na jawo burgamina, na zazzage shuni, na lalubo guntuwar igiyar nan daga ƙasa. Shekara shida ina gaya wa kaina ruwa ne ya tsinka ta. Na duba bakinta. Ba a tsattsage yake ba, a yanke yake sumul, yankan 'yar wuƙar da na saya wa Lanti ta yankan kuɓewa.

Na yi kuka a gaban tsohuwar nan har na gaji, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na natsu, ta karɓi sabuwar igiyar daga hannuna ta ɗaure ƙafar goɗiyarta da ita.

Daga Kwarin Tumanli har gida ban sake ɗaure shi ba. Shi ke gaba ina binsa, inda ya tsaya in tsaya, inda ya ƙi hanya in ƙi. Shuni ya ƙare mini a hamada, gashinsa ya koma fari, na iya kallonsa haka. Ya mutu da tsufa a kan tudun garinmu shekara biyu da dawowarmu. Ko na kakanninsu ne, ko na Lanti ne kawai, wanda ya ɓoye ranar naɗe ƙasa shi ya sani. Ga kunnuwanku na mayar muku. Igiyar kuwa tana nan a burgamina, wanda ke son gani ya matso ya duba bakinta.